Maɗin Ɗinya: Tafiyar da Kwalbar Kanada Ta Ja Mini

Uwargida, ke da kike karanta wannan a waya, wataƙila ma tukunya na kan wuta, yaushe rabonki da maɗi? Maɗin ɗinya nake nufi, baƙi wuluk, mai kaurin da in kin ɗaga ludayi yake zubowa kamar zare. Idan kin girme ni, na san yawunki ya tsinke. Idan kuwa ƙanwata ce ke, ba mamaki sunan kawai kika taɓa ji a bakin kakarki. Ni ma da haka nake, sai da wata kwalba ta zo daga ƙasar da ban taɓa takawa ba, ta sa na ɗauki hutun kwana uku a asibiti na nufi Doguwa.

Wata abokiyar aikina ce da ta koma Kanada da aikin jinya ta zo ganin gida, ta kawo mini tsaraba: 'yar kwalba mai siffar ganye, cike da wani ruwa ja-ja mai danƙo. Ta ce ruwan bishiyar mapul ne, bishiyar nan da ganyenta ke tsakiyar tutar ƙasarsu tun 1965. A ƙarshen sanyinsu, wajen watan Maris, lokacin da dare ke daskarewa rana kuma ta narkar, sai su huda jikin bishiyar, ruwa fari kamar na rijiya ya riƙa ɗiga. Zaƙinsa kaɗan ne, da ƙyar harshe ke jin sa. Sai a yi ta dafa shi har ya ƙone, ta yadda kusan lita 40 ce ke ba da lita 1. Mutanen ƙasar na asali, waɗanda Turawa suka tarar, su suka fara wannan sana'a. Yau lardin Kwibek shi kaɗai ke fitar da kusan kashi 70 cikin 100 na abin da duniya ke sha. Suna zuba shi a kan wainar fulawa, suna gasa nama da shi, suna kuma haɗa abin sha da shi, har da irin wanda ba namu ba.

Ta ja mini kunne da cewa a can ma akwai na jabu. A kanti za ki ga manyan robobi masu araha, ruwan sukarin masara ne aka sa wa kala da ƙamshi, kuma doka ta hana a rubuta masa sunan na gasken. Ta kuma ba ni labarin da ya sa na yi dariya har da riƙe ciki: suna da rumbun ajiyar wannan ruwa kamar yadda gwamnati ke ajiye hatsi, kuma tsakanin 2011 da 2012 wasu ɓarayi suka zuƙe kusan tan 3,000 daga rumbun, suka riƙa cika gangunan da ruwa. Ashe ha'inci ba shi da ƙasa.

Na kai kwalbar gidanmu. Umma shekararta takwas da ciwon suga, kuma ni ce 'yar sandar gidan: ni ke huda mata yatsa, ni ke ƙirga mata lomar tuwo, ni ke ɓoye gwangwanin madara. Don haka bakin cokali kawai na tsoma na miƙa mata. Ta lasa, ta yi shiru, ta sake lasar cokalin da babu komai a jikinsa.

"Ke 'yar nan," in ji ta, don ni ce ta fari, ba ta kiran sunana, "ai wannan maɗi ne. Maɗin Turawa. Amma bai kama ƙafar na Inna ba."

Daga nan ta ɓalle da labarin wata ɗinya da ke bayan gidan Inna, kakarmu, a ƙauyensu da ke ƙasar Doguwa. Ta ce alkakin garar aurenta a maɗin ɗinyar nan aka tsoma shi. Bikin autarmu saura wata biyu a lokacin, sai ta ce da ma a ce za a samu ko da kwalba ɗaya ce a yi wa yarinyar nan abin da aka yi mata. Ba ta ce in je ba. Kin dai san iyayenmu, ba sa roƙo, sai dai su ajiye magana a inda za ki yi tuntuɓe da ita.

Na fara da kasuwanni biyu a cikin birni. A ta farko aka ba ni wani baƙin abu a robar ruwan sha, ina buɗewa ƙaurin ƙonannen sukari ya dake ni. A ta biyu, wani dattijo mai sayar da kayan yaji ya yi mini gaskiya, ya ce, "Hajiya, kar ki wahalar da kanki. In ba ƙauye kika je kika tsaya a kan tukunya ba, ba za ki samu ba." Shi ke nan, ƙarshen Oktoba, ranar wata Talata bayan sallar asuba, ƙanena ya ja mota muka kama hanyar Zariya.

Idan ba ki taɓa bin wannan hanya da sassafe a lokacin kaka ba, kina da bashin kanki. Daga Kura zuwa Kadawa shinkafa ce iya ganinki, ta yi ruwan zinare, raɓa na tashi a kanta kamar hayaƙi. Mun ratse a ƙasar Bebeji, muka wuce ta Bagauda inda makarantar horar da lauyoyi take, muka isa bakin madatsar Tiga, wadda aka gina tsakanin 1971 da 1974 a zamanin Gwamna Audu Baƙo. Ba mu daɗe ba, kifi kawai muka saya soyayye muka ci a tsaye. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne maganar ƙanena, da ya nuna kudu da hannu ya ce duk ruwan nan daga inda za mu yake gangarowa. Kogin Kano daga duwatsun kudu yake tasowa, ya ratsa dajin Falgore, ya taru a Tiga, sannan a sake shi ya shayar da tumatir da shinkafar da muke ci a birni. Wato mu da muke ganin Doguwa a matsayin ƙarshen duniya, daga can ake ba mu ruwan miya.

A Kwanar Dangora, ƙasar Kiru, hanya ke rabuwa: miƙe ki tafi Zariya, ki karya hagu ki nufi Tudun Wada da Jos. Wuri ne na hayaniya, manyan motoci, masu shayi, masu tsire, ga rake an jingine shi dami-dami. A nan na sami darasina na farko. Wani bawan Allah na zaune da faranti cike da mazarƙwaila, na tambaye shi maɗi. Ya ce wane iri? Ni da na zaci iri ɗaya ne. Ya ce akwai na rake, akwai na ɗinya, akwai na kanya. Na rake ɗan'uwan mazarƙwaila ne uwa ɗaya uba ɗaya: a matse rake, a da doki ke zagayawa yana juya injin, yanzu injin mai ne, a zuba ruwan a babban kasko a yi ta dafawa ana kwashe kumfa. In aka sauke tun yana zuba, maɗi ke nan. In aka bar shi ya ƙara ƙonewa aka zuba a 'yan kwanoni ya daskare, ya zama mazarƙwaila. Ya ɓantaro mini gefe guda. Ta gaske tana narkewa a baki da ɗan garɗi da ƙamshin hayaƙi, ba ta yi miki ƙaras-ƙaras kamar yashi. Na sayi guda shida. Na ɗinya kuwa, ya girgiza kai ya ce, "Sai dai gaba, wajen tsofaffi."

Tudun Wada garin shinkafa ne. Tun kafin ki shiga za ki ji ƙamshin turara, ki ga mata sun shanya ta a kan tamfol, injinan casa na ta kuka, ƙaiƙayi ya yi tudu. A bakin hanya kuma ga kwalaben zuma a jere, rana na haskawa ta cikinsu. A nan ne zan ɗan tsaya, domin na san kowacce cikinmu an taɓa yi mata sakiyar da ba ruwa a kan zuma.

Wani saurayi ya rugo da kwalba, ya tsoma tsinken ashana ya ƙyasta, ta kama. Ya ɗiga a ruwa, ta nutse ba ta watse ba. Ya ce, "Kin gani ko, Anti? Farar saƙa ce." To bari in gaya miki abin da na sani: waɗannan gwaje-gwaje kauri kawai suke nunawa, wato ƙarancin ruwa. Sukarin da aka dafa ya yi kauri sosai zai ci wannan jarrabawa, zuma ta gaske da aka ɗebo ba ta gama nuna ba kuma za ta iya faɗuwa. Maganar cewa tururuwa ba ta bin zuma ta gaske, wannan tatsuniya ce, tururuwa ba ta san jabu ba. Haka nan in kin ga zuma ta daskare a gindin kwalba ta yi tsaki-tsaki, kar ki zubar, kar kuma ki zagi mai ita. Zuma da yawa haka take yi in ta daɗe, musamman da sanyi. Ki tsoma kwalbar a ruwan ɗumi za ta sake.

Wanda na saya a wurinsa wani tsoho ne da ke can gefe a ƙarƙashin darbejiya, bai kira ni ba, bai ƙyasta ashana ba. Da na gaishe shi na ce, "Baba, yaya zan gane ta gaske?" sai ya ce, "'Yata, mutum ake ganewa, ba zuma ba." Ya buɗe bokiti, ga saƙa nan a ciki da kakinta, har da gawar ƙuda biyu. Ya ce amyoyinsa na kan ɗorawa da kaɗanya da ɗinya a wajen gari, da dare yake hawa da hayaƙi, kuma wadda ta fi kyau ita ce ta bazara. Hannunsa duk tabo. Zuma ga zaƙi ga harbi, in ji masu magana. Kuɗinsa ya kusa ninka na saurayin, na biya ban yi ciniki ba. Da na ambaci maɗin ɗinya, sai ya kalle ni da kyau, ya ce rabonsa da shi tun rasuwar uwargidansa.

Daga Tudun Wada ƙasa take fara canzawa. Jar ƙasa, tuddai, itatuwa na ƙara tsawo suna matsowa bakin titi, har ki tsinci kanki a cikin Falgore. Tun zamanin Turawa aka keɓe dajin, ana kiran sa da sunan Kogin Kano, daga baya aka mayar da shi gandun namun daji. Iskar wurin daban ce, sanyi-sanyi, da ƙamshin ɗanyen ganye. Mun ga gwaggon biri uku zaune a gefen kwalta kamar masu jiran mota. Ba zan ɓoye miki ba, gabana na faɗuwa, don dajin ya yi ƙaurin suna a shekarun baya da ɓarayin shanu da masu tare hanya. Akwai shingayen jami'an tsaro, motoci na wucewa, amma shawarata ki ratsa shi da rana tsaka, kuma ki tambayi direbobin tasha halin da ake ciki kafin ki taso. Abin da ya fi birai yawa a idona shi ne buhunan gawayi, a tsaye a bakin hanya kafin dajin da bayansa, an toshe bakinsu da ganye. A lokacin ban kawo komai a raina ba, har na ce wa ƙanena mu saya a dawowa, ya fi na birni araha.

Mun isa ƙauyen su Umma bayan azahar. Daga ƙofar gida kina hango duwatsun Riruwai, shuɗi-shuɗi, inda ake haƙar kuza tun kafin Bature ya zo. Masara ce ko'ina, an karye ta an tara. Gwaggo, yayar Umma, ta fito tana dogara sanda, ta rungume ni tana cewa, "Lale da likita, lale da mai allura." Bayan an ci an sha na ce ta kai ni in ga ɗinyar Inna.

Ta kai ni. Kututture ne, faɗinsa ya kai tabarma, ya yi baƙi, akuya na kwance a kai. Shekara huɗu ke nan, in ji ta, da wani daga cikin 'ya'yan gidan ya sayar wa masu gawayi lokacin da matarsa ta kwanta asibiti. Na buɗe baki zan yi faɗa, sai na tuna sau nawa na miƙa wa mutum takardar magani ina kallon yadda yake lissafin abin da zai sayar. Na rufe bakina. Gawayin dai ban saya a dawowa ba, ko da yake na san buhun da ke kicin ɗina ma daga wata bishiyar ya fito.

Gwaggo ta ce ɗinya ba ta ƙare ba, sai dai ta yi nisa. Washegari da sassafe ta tashi jikokinta biyar, na bi su, muka yi tafiyar kusan awa guda zuwa bakin wani rafi. Ɗinya doguwar bishiya ce, ganyenta biyar-biyar kamar yatsun hannu. 'Ya'yanta kore ne da ɗigo-ɗigo, in sun nuna su koma baƙi, su faɗo da kansu. Ba a kaɗo ɗanye. Ita ce kuma mai ba da ɗinkin, ɗanyen ganyen da ake kwaɗawa da ƙuli, furenta kuma ƙudan zuma na son sa. Yaran suna tsinta suna ci, haƙoransu da harshensu sun yi baƙi kamar sun sha tawada. Muka dawo da daro biyu cike.

Yanzu ki saurara, don wannan ne abin da na je nema. Gwaggo ta zauna a kujera 'yar tsugune tana ba da umarni, ni da matar ɗanta muna aiki. Aka tsince ruɓaɓɓu da masu tsutsa, aka wanke. Aka zuba a turmi aka kirɓa a hankali, yadda naman zai saki ba tare da ƙwallon ya fashe ba, don in ya fashe, in ji ta, ɗaci zai shiga. Aka juye a kwando da aka shimfiɗa wa tsabtatacciyar ciyawa, aka ɗora a kan tukunya, ana zuba ruwa kaɗan-kaɗan yana tsiyaya. Ruwan farko mai duhu, na biyu ya fi shi haske, shi kuma sai a sake bi da shi ta kan sabon kirɓi don kada a cika ruwa. Aka sake tacewa da farin ƙyalle. Sannan aka hura wuta.

Tun hantsi muke kan murhu har aka kira la'asar. Da fari wuta sosai, ana kwashe kumfa da ludayi. Da ruwan ya koma kamar kashi ɗaya cikin huɗu sai ta sa aka janye itace, aka bar garwashi, ta karɓi muciya da kanta. A nan ne gwaninta take, domin tsakanin maɗi da ƙonanne bai fi tsawon sallar raka'a biyu ba. Ta ɗiga a ƙwaryar ruwan sanyi, ɗigon ya zauna a ƙasa bai baje ba. Ta ce a sauke. In an ƙara minti kaɗan, in ji ta, alewa za a ja. Babu sukari ko ƙwaya ɗaya a ciki. Daro biyu, da wunin mata uku, da itace dami guda, abin da muka samu bai cika jarka mai lita 2 ba.

Na lasa yana da ɗumi. Zaƙinsa ba ya dukan harshe kamar na sukari, a hankali yake zuwa, da ɗan tsami a bayansa, da bauri kaɗan, da wani ƙamshi kamar na dabinon da aka gasa. Na Kanada ya fi shi laushi da haske, wannan ya fi shi zurfi. Na gane abin da Umma take nufi.

Na tambayi Gwaggo me ya sa aka daina. Ta ce, "Wa zai biya? Ki wuni a kan wuta, ki kai kasuwa, a ce miki ai sukari ya fi araha." A unguwarsu su biyu suka rage da suka iya, ɗayar kuma idonta ya tafi. Wannan magana ta dame ni a hanya. Mutanen Kwibek sun ɗauki ruwan bishiyarsu sun yi masa ƙungiya, sun yi masa doka, sun yi masa maki-maki daga mai haske zuwa mai duhu, har ya kai darajar da ɓarawo zai sata. Mu kuma masu albashi a birni za mu biya kuɗi mai yawa a kan kwalbar da aka rubuta wa Turanci, amma in tsohuwa ta faɗi kuɗin wuninta sai mu ce ta cika tsada. Ni ma ina cikin masu laifin. Bishiyar da ba ta kawo kuɗi tana tsaye, wata rana za ta kawo shi tana kwance. Na biya Gwaggo, ta ƙi, na ƙulle a bakin zanenta tana zagina. Na kuma bar kuɗin wani zubin biyu kafin ɗinya ta wuce, da sharaɗin matar ɗanta ce za ta riƙe muciya. In akwai mai yi a garinku, don Allah ki faɗa mana a ƙasa, mu san juna.

Rabi ya tafi wajen alkaki. Sauran na yi sati uku ina gwaji da shi a kicin, domin na ƙudurta cewa ranar walima ba za a jera wa baƙi lemon kwalba kawai ba.

Abu na farko da na koya, da asara na koye shi: kar ki zuba maɗi ko zuma kai tsaye a kan ƙanƙara. Zai dunƙule ya kwanta a gindin jog, na sama su sha lami, na ƙarshe ya sha zaƙi kamar zai kashe shi. Ki auna maɗi kofi ɗaya, ruwan ɗumi kofi ɗaya, ki dama su saje, ki bar shi ya huce. Da wannan za ki riƙa haɗawa.

Wanda ya fi karɓuwa shi ne na tsamiya. Ki jiƙa tsamiya a ruwan zafi, ki tace. Ki daka ɗanyar citta da kanumfari uku ko huɗu, ki tafasa su a ɗan ruwa, ki tace a kan tsamiyar. Ga kowane tambulan, cokali biyu na damammen maɗin, sai ɗan gishiri da bakin yatsa biyu. Gishirin nan kar ki raina shi, shi ke fito da ƙamshin ɗinyar. Tsamiya da ɗinya kamar tare aka halicce su, tsamin wannan na riƙe zaƙin waccan. Maigidana, wanda ba ya yabon abu sai an matsa masa, ya sha kofi biyu ya tambaya ko akwai saura.

Zoɓo ma ya karɓe shi, amma sai ya huce za ki zuba, kuma ki rage kayan ƙamshi. Ki bar abarba da flebo na kanti a gefe, don za su danne shi, ki yi asarar maɗinki a banza. Launin yana komawa ja mai duhu, a kofin gilashi abin sha'awa. Na 'yan mata kuwa, ƙawayen amarya, na matse lemon tsami, na murza na'a-na'a a gindin kofi, na sa maɗi, na cika da ƙanƙara da ruwan soda. Sai a lokacin sha ake zuba sodar, in ba haka ba ta mutu. Sun yi ta ɗaukar hoto suna tambayar sunansa. Na gwada irin wannan da na Kanada, ya yi daɗi, har ya fi dacewa da lemon tsami saboda laushinsa, sai dai a tsamiya ɓacewa ya yi.

Kunun aya ne ya ba ni kunya. Maɗin ya mayar da shi launin ruwan kwata, ɗanɗanon kuma suka yi ta faɗa da juna. Aya ki bar ta da dabinonta, ko ki sa mata zumar Baba. Mazarƙwaila kuma na narkar da ita da citta da masoro na yi shayin sanyin safiya. Amma duk wannan fasaha tawa, ranar da Gwaggo ta zo biki ta dama fura da kindirmo ta zuba maɗi a kai kamar zare, na san ban ƙirƙiro komai ba.

Ajiya: kwalbar gilashi da aka tafasa ta bushe sarai, a zuba shi da zafinsa, a rufe. In an buɗe, firji, haka ma na Kanada. Cokali mai jiƙa kar ya shiga. In kin ga fumfuna a sama ko ya fara kumfa da warin tsami, ki haƙura da shi.

Yanzu bari in sa farin kayana. Maɗi, zuma, mazarƙwaila, ruwan mapul, dukkansu sukari ne a wajen jini. Sun fi farin sukari ɗanɗano, suna da ɗan abin da shi ba shi da shi, kuma saboda ƙarfin ɗanɗanonsu kaɗan kan isa, wannan ita ce fa'idarsu ta gaskiya. Amma na sha karɓar marasa lafiya da suga ya hau musu sosai, in tambaya, a ce ai sun daina shan sukari, zuma suke sha safe da yamma. Ba na jayayya da albarkar zuma, sai dai komai da ma'auninsa. Hukumar Lafiya ta Duniya, a shawarar da ta fitar a 2015, ta ce sukarin da babba ke ƙarawa a abinci kada ya kai kashi 10 cikin 100 na ƙarfin abincinsa na yini, wato kamar cokalin shayi 12, in ma ya tsaya a 6 ya fi. Zuma da ire-iren maɗi suna cikin wannan lissafi. Babban cokali ɗaya na zuma yana ɗauke da sukari kusan giram 17. Sannan wadda nake roƙonki da ita: jaririn da bai cika shekara ɗaya ba kada a ba shi zuma, ko lasa ce, ko a ruwan rubutu, ko ranar suna. Tana iya ɗauke da ƙwayar cutar da hanjin babba ke iya kashewa amma na jariri ba ya iyawa, ta shanye masa jiki har numfashi. In kaka ta matsa, ki ce nas ce ta hana, ki ɗora mini laifin.

Daren da aka kai amarya, bayan gida ya watse, na tarar da Umma zaune a bakin gado, ga tiren alkaki a gabanta ba ta taɓa ba. Na ɗauko na'ura na huda mata yatsa. Lambar ta yi kyau, don ta kiyaye duk ranar, ko shinkafar biki ba ta ci ba, ashe da dalili. Na ɗauko kwalbar, na auna cokalin shayi ɗaya, na zuba mata a kan kindirmo marar sukari. Gwaggo na gefe tana kallo.

Ta sha a hankali, ta rufe ido. Can ta buɗe ta dubi yayarta.

"Yaya, wannan ba ɗinyar bayan gida ba ce."

Ban taɓa gaya mata labarin kututturen ba, kuma na roƙi kowa ya yi shiru. Gwaggo ta sunkuyar da kai tana gyara bakin zane, ta ce, "Ta bakin rafi ce."

Umma ta gyaɗa kai, ba ta ƙara tambaya ba. Ta miƙo mini kofin, ta ce in ɗauraye da ɗan ruwa in ba ta ta shanye.